Kwalbar Jinin Da Ba Ta Da Suna

Shafi na 14

Masu cewa shafin jiya ya yi gajere, na ji. Ku samu wuri ku zauna.

Yendi, watan Maris na 1989.

Dokta Zuberu bai amsa gaisuwar Latifatu ba. Takardun da motar Accra ta kawo suna shimfiɗe a kan teburinsa, ya danne su da dutse saboda fanka, duk da cewa fankar ba ta taɓa ganin wuta ba tun ranar da aka rataye ta.

"Sista, mata nawa muka ɗebi jininsu?"

"Ɗari biyu da casa'in da tara, Dokta."

"Salaga da Yendi da Bawku?"

"Duka."

"To, mutanen Accra sun auna ɗari uku."

Latifatu ta dubi firij mai kananzir da ke kusurwar ɗakin, kamar shi aka yi wa tambayar.

Wata biyar ke nan tana wannan aiki, ita ce mai ɗibar jini, ita ce mai rubuta sunaye. Aikin na baƙon dauro ne, cutar da ke shiga ta hanci da maƙogwaro ta sauka huhu kafin ta nuna kanta a fata. Ana yi wa yara allurarta a wata tara. Amma kowace bazara sai an binne jarirai 'yan wata shida da bakwai, waɗanda ba su yi haƙurin jiran ranar da ke kan kati ba. Kuma ba a iya yi wa kowa da wuri, don jariri yana zuwa duniya da garkuwar da ya samu daga jinin uwarsa tun yana ciki. Idan garkuwar tana da sauran ƙarfi, sai ta kashe allurar kafin jikin yaro ya koyi komai daga gare ta.

Dabarar Dokta Zuberu ita ce a auna jinin uwa. Mai garkuwa mai ƙarfi, ɗanta ya jira wata tara. Mai rauni, a yi wa nata a wata shida. Da jinin jariran ya so ya auna, amma dattawan zango uku suka zauna suka ce jariri ba ragon layya ba ne. Sai aka koma kan iyaye mata, waɗanda ba a tambaye su ba.

"Kwalba ta ƙarshen ba suna, ba gari, ba lambar yaro," in ji Dokta. "Amma rubutun da ke jikinta naki ne. Kina yin bakwai ɗinki da sanda a tsakiya."

Ya buga takardar da yatsa.

"Kuma ita ce mafi rauni a cikinsu duka. Abin da ke cikin jinin nan ba zai kare ɗan tsako ba. In matar nan tana da jariri, tun yana wata uku yake zaune a buɗe."

Latifatu ta jawo benci ta zauna, ba tare da an ce ta zauna ba.

"Tun wata uku?"

"Ko kafin nan. Wace ce?"

"Ni ce."

Dokta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Shekara goma sha huɗu ya yi yana karatu a ƙasashen sanyi, kuma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne goge tabarau idan magana ta ƙi zama yadda ya tsara ta.

"Ke ba ki da ɗa. Haka kika rubuta ranar da aka ɗauke ki aiki."

"Haka na rubuta."

"To don me kika auna kanki?"

"Buɗe littafin Salaga, Dokta. Lamba arba'in da bakwai."

Ya buɗe. Ya bi layin da yatsa yana karantawa a fili.

"Ɗanlarai. Wata bakwai yanzu. Uwa, Zenabu Idirisu. Garkuwa mai ƙarfi sosai. Ya jira wata tara." Ya ɗago kai. "Na tuna ta. Doguwa, idonta na hagu da ɗan fari a ciki. A gabana ta ba shi nono."

"Yayata ce. Nonon nata ne. Cikin nawa ne."

Daga waje ana jin mai sayar da koko tana faɗa da wani kan kwano. Dokta ya rufe littafin a hankali.

"Yi min bayani."

"Sau huɗu Yaya tana haihuwa, ba wanda ya yi shekara. Na huɗun ya koma saura mako uku in haihu. Tana zaune da nono yana zuba, ba mai sha. Ranar suna gwaggonmu ta ɗauke shi daga hannuna ta ɗora mata a cinya, ta ce ga naki. Shi ke nan."

"Shi ke nan? Ke kuma kika yarda?"

"Ɗan fari ne, Dokta. Ko da yana hannuna ba zan kira sunansa ba, ba zan goya shi in ratsa kasuwa ba. Mijina ma bai ce komai ba. Wa zai yi wa gwaggo musu a gaban mai makoki?"

"Wannan maganar gida ce. Ni ina tambayarki littafi. Ke kika rubuta uwa, Zenabu."

"Ni na rubuta."

"Kina sane."

"Layi ya kai bakin titi. Matan unguwarmu ne duka. Ta zo da shi a baya, ta zauna a gabana, ta naɗe hannun riga ta miƙo min hannu tana murmushi. Kana tsaye a kaina kana cewa a yi sauri. Me zan rubuta?"

"Gaskiya."

"A lokacin ba ka faɗa mana abin da za a yi da jinin ba. Cewa ka yi bincike ne. Sai da katunan suka dawo na ga an raba yara gida biyu, masu wata shida da masu jira."

"Wata biyu ke nan da dawowar katunan."

"Na ce a raina ai uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, jinin ba zai bambanta ba. Kullum da haka nake kwana. Da ya daina sa ni barci sai na ɗebi nawa na saka cikin akwatin Accra."

Dokta ya jawo takardar ya sake duba lambar.

"Yayarki ta yi baƙon dauro tana yarinya?"

"Ta yi. Shi ya taɓa mata ido."

"Ke fa?"

"Ban yi ba. Ina shekara biyu aka zo Salaga da allurar nan mai kama da bindiga. Mma ta ce na yi kuka har muryata ta dushe."

"To, ga shi nan." Ya miƙe tsaye. "Wadda ta yi cutar ta tashi, garkuwarta tana da kauri har tsufa. Wadda allura ta kare, ita ta tsira, amma abin da take ba ɗanta kaɗan ne, kuma yana ƙarewa da wuri. Ku ne 'yan farko da aka yi wa allura, yanzu ku ne kuke haihuwa. Nan da shekara goma rabin iyaye mata irinki ne. Sista, kin san abin da wannan yake nufi?"

Idonsa ya yi haske irin na mutumin da ya tsinci abin rubutawa a mujallar likitoci. Latifatu ta bar shi ya ji daɗinsa na ɗan lokaci, don ba kullum yake samu ba.

"Yana nufin yaron ba shi da komai a jikinsa, Dokta."

Hasken ya mutu. Ya koma ya zauna.

"Shi kaɗai ne? A littattafan nan uku, shi kaɗai ne aka rubuta masa wata uwa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Sista."

"A Salaga za su kai talatin. Na Yendi da Bawku ban san gidajensu ba."

"Talatin."

"Ba duka riƙo ba ne. Da yawa daga mutanenmu ba sa yarda a ɗebi jinin mai shayarwa, sun ce nono yana ƙafewa. To kai kuma ka ce sai an ba da jini za a ba da kati. Sai gida ya zauna, a duba wadda ba ta shayarwa kuma tana da jiki, a goya mata yaron a turo ta. Uwar tana can bayan layi tana riƙe da laima."

"Kuma ba wanda ya ga ya dace ya faɗa min."

"A ganinsu sun kyauta maka. Ka nemi jini, sun zaɓo maka mai kyau."

Dokta ya yi wata dariya marar sauti. Shekara guda, mota ɗaya da ta ci tayoyi tara, rahoto mai shafi sittin da zai tafi Accra ranar Litinin, duk a kan jinin gwaggwanni da ƙannen miji.

"Wane irin mutane ne za su aiko wata mata da ɗan wata?"

"Dokta, kai da kana yaro a Bawku, wa take kai ka asibiti?"

Ya sake cire tabarau ya goge.

"Gwaggona Ayishetu," ya ce daga baya, a hankali. "Sai da na shiga aji uku na san ba ita ta haife ni ba."

Ba ta ƙara masa komai a kai ba. Ba don tausayi ba, lokaci ne ba ta da shi.

Aka ɗaga labule. Inusah direba ne, dattijo ɗan Yendi mai Hausar kasuwa, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Jiya ya kai sanduna da gidan sauro Salaga ya dawo.

"Dokta, mota yana shan mai sosai paa, sai a duba shi. Sista, yayanka ya ce in gaishe ka. Na manta jiya."

"Suna lafiya?"

"Lafiya lau. Yaro ya yi ƙiba. Sai dai tsohuwa na ɗakin ƙofa, an kawo masa jikansa daga ƙauye, yarinya, jiki duk ƙuraje, ido ja. Suna ba shi ruwan ganye."

Latifatu ta miƙe har bencin ya faɗi.

"Ɗakin ƙofa na gidan Yaya?"

"Shi. Tsakar gida ɗaya."

"Yaushe aka kawo ta?" in ji Dokta.

Inusah ya ƙirga da yatsu. "Ran kasuwa. Shekaranjiya da yamma."

Dokta ya riga ya nufi firij.

"Idan yaro ya shaƙi cutar, akwai kwana uku. In aka yi masa allura a cikinsu, sau da yawa allurar tana riga cutar isa. Yau na biyu. Inusah, motar za ta kai Salaga?"

"Zai kai. Dawowa ne ban yi alkawari ba."

"Sista, kawo fulas da ƙanƙara."

Hanyar Yendi zuwa Salaga ta Bimbilla, an ce hanya ce don an rasa wani suna da za a ba ta. Latifatu ta zauna a baya, fulas a kan cinya, ta rungume shi da hannu biyu. Kowane rami sai ta ji ƙanƙarar ta motsa, kuma kowane motsi sai ya fi na baya kama da ruwa. A Bimbilla wata babbar motar doya ta kwanta a tsakiyar titi, mutane suna zagaye da ita suna ba da shawara. Sai da Inusah ya ratsa ta bayan wata makaranta.

Da suka wuce garin, Dokta ya juyo.

"Ta san abin da ya kawo mu?"

"A'a."

"Ke za ki faɗa mata ko ni?"

"In kai ka faɗa, za ta ce bokonka ne. Ni zan faɗa."

"Kun taɓa yin maganar, ke da ita?"

"Tun ranar suna ba wanda ya taɓa yin ta."

Ana kiran la'asar suka tsaya a ƙofar gidan. Tsohon gida ne na masu fataucin goro, da zaure mai kauri da rijiya a tsakar gida, yanzu an yanka shi ɗaki-ɗaki. Daga ɗakin ƙofa ana jin tari, busasshe, na yarinya. Latifatu ta wuce da sauri ba ta gaida tsohuwar ba, abin da za a yi mako ana maimaitawa.

Zenabu tana bakin ɗakinta tana feraye doya, yaron a goye. Ta ga ƙanwarta ta faɗaɗa fuska, sannan ta ga Dokta da fulas.

"Lati, lafiya? Yau ba Asabar ba. Dokta, sannu da zuwa, sannu da hanya. Ku shigo daga ciki."

Suka shiga. Ɗakin ba shi da ƙyaure da rana, labule ne. Nan take matan gidan suka tuna da ayyukan da ba sa yiwuwa sai a kusa da wannan labulen. Ɗaya ta zo shanya, ɗaya ta zo neman tsintsiya, ɗaya ta zo kawai.

"Yaya, allura muka zo yi masa."

"Wace allura?"

"Ta baƙon dauro."

"Yi a hankali, baƙon yana gidan nan, ba a kiran sunansa da ƙarfi." Zenabu ta miƙa hannu saman jeren kwanoninta, ta sauko da kwalla, ta buɗe. Ƙarƙashin sabon zane ta zaro katin, a naɗe cikin leda, ko lanƙwasa babu. "Ga shi. Wata tara. Dokta, da hannunka ka sa hannu. Ka ce jinina ya fi na kowa ƙarfi a Salaga, ka ce in aka yi masa da wuri allurar ɓata za ta yi. Ko ba haka ka ce ba?"

"Haka na ce, Maman Ɗanlarai."

"To saura wata biyu. Ni ban bar shi ya je ɗakin ƙofa ba, kuma ina shafa masa man kaɗe."

Dokta ya dubi Latifatu. Latifatu ta dubi labule. Ƙafafu shida ne a ƙarƙashinsa.

"Yaya, jinin da aka auna ba shi ne ya kamata a auna ba."

"Ban gane ba."

"Kin gane."

Zenabu ta mayar da murfin kwallar a hankali.

"Lati, kin sha rana a hanya. Bari in kawo miki ruwa."

"Garkuwar da yaro yake zuwa da ita, ta cibiya take shiga. Tun yana ciki. Daga wadda ta ɗauki cikin."

"Ki yi shiru."

"Na auna nawa jinin. Babu komai a ciki, Yaya. Ban ba shi komai ba."

A waje wadda ke shanya ta daina kaɗa zani.

Zenabu ta juya wajen Dokta, kamar ƙanwarta ba ta ɗakin.

"Dokta, kai ka yi karatu. Wata bakwai yaron nan ba abin da ya shiga cikinsa sai nonona. Dare da rana. Har na rame, kowa ya gani. Nono ba jini ba ne? Abin da ke jikina bai shiga jikinsa ba?"

"Ya shiga, kuma ya yi masa amfani. Shi ya sa bai yi gudawa ba, shi ya sa ya yi wannan ƙibar. Amma na wannan cutar ba ta nono yake bi ba. Da yana bi, da ban taso daga Yendi ba."

"Ashe ka sani kai ma."

"Yau da safe na sani."

Yaron ya motsa a bayanta, ta girgiza shi ba tare da ta sani ba.

"Kin zo karɓarsa ke nan."

"Ban zo karɓar kowa ba."

"Kin kawo likita da mota, kin tsaya a ɗakina kina faɗa wa gida duka wa ya ɗauki ciki. Gwaggo ba ta yi shekara a ƙasa ba."

"Yaya, gida duka sun sani. Suna wurin ranar suna, sun ci tuwon."

"Sun sani, amma ba wanda ya faɗa." Muryarta ba ta tashi ba. "Huɗu na haifa, Lati. Ko ɗaya bai kai a rubuta sunansa a takarda ba. Wannan katin ne kaɗai a duniya da aka rubuta uwa, aka rubuta Zenabu a gabansa. Ni ba na karatu, amma na san wurin. Na sa Malam, maigidana, ya nuna min."

Fulas ɗin yana hannun Latifatu har yanzu, gumi yana bin jikinsa. Ta girgiza shi kaɗan. Ba ta ji ƙarar ƙanƙara ba sai ɗan ƙwas guda.

"Ki tsane ni gobe," ta ce. "Yau ki kwance shi."

"Ki ce min ba za ki ɗauke shi ba."

"Ba zan ɗauke shi ba."

"Ki faɗa yadda na waje za su ji, tunda kin fara."

Latifatu ta juya ta fuskanci labulen.

"Ɗan Yaya ne. Jiya nata ne, gobe nata ne. Ni allura na kawo."

Wata daga waje ta ce, "Allah ya yi albarka," sannan ta tuna ba ta wurin, ta ja tsintsiyarta.

Zenabu ta sake duban Dokta.

"Katin fa? Za ka goge?"

"A littafina dole in gyara, don akwai yara talatin irinsa a garin nan, kuma gobe gida-gida za mu bi su. Naki katin ba zan taɓa sunan da ke kai ba. Kwanan wata kawai zan rubuta."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kai hannu ƙirji ta kwance majanyi, ta zagayo da yaron gaba.

Ɗanlarai ya buɗe ido da ƙyar. Kumatunsa cike, wuyansa ninki biyu. Hancinsa yana zuba.

Dokta ya buɗe fulas, ya taɓa ciki da bayan yatsa. "Da sauran sanyi. Mun iso." Ya fasa kwalbar ruwa, ya haɗa maganin, ya ja a sirinji. Latifatu ta ji numfashinta ya sauka, karo na farko tun safe. Ta durƙusa ta kama ɗan hannun yaron don ta goge wurin.

Hannun da zafi.

Ta ɗora tafinta a goshinsa, ta mayar wuyansa.

"Yaya, tun yaushe jikinsa yake haka?"

"Haƙori ne. Kin ga yana ta dalala."

"Tun yaushe?"

"Jiya da safe. Ko shekaranjiya da safe. Mura ce ta hanya, tun da muka dawo yake ɗan atishawa."

Dokta ya tsaya da sirinji a sama.

"Kuka dawo daga ina?"

Zenabu ta dubi ƙanwarta, ta kawar da ido.

"Bawku. Ƙanwar Malam ta rasa yaro, muka je gaisuwa. Ban faɗa wa Lati ba don na san za ta hana. Kwana biyu kawai muka yi."

"Me ya kashe yaron?"

Zenabu ta gyara wa Ɗanlarai riga.

"Maman Ɗanlarai, me ya kashe shi?"

"Baƙon ne. Amma an riga an binne shi kafin mu isa. Ƙannensa biyu ne kawai a kwance, kuma suna samun sauƙi."

"A ɗakin da kuka kwana?"

"Gidan makoki ne, Dokta. Ɗakin mata ɗaya ne." Ta rungume yaron. "Ai na ce musu ba komai. Na nuna musu katin. Na ce likita ya auna, ya ce nawa ba ya kamuwa sai bayan wata tara."

"Kwana nawa yau?"

Ta ƙirga a kan yatsun yaron, ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare hannu biyu, ta ƙara ɗaya nata.

"Goma sha ɗaya."

Dokta ya ajiye sirinjin a kan murfin fulas, a hankali, kamar zai fashe.

"Kawo shi bakin ƙofa, wajen haske. Sista, ɗaga labulen."

Ta ɗaga. Matan suka ja baya, ba wadda ta yi kamar tana wani aiki.

"Kafin ƙuraje su fito a jiki, yana fara nunawa a cikin kumatu," in ji Dokta. "'Yan fararen ɗigo, kamar an barbaɗa gishiri. Idona ba ya gani sosai a nan. Buɗe masa baki."

Latifatu ta sa ɗan yatsa ta ja kuncin yaron. Ya yi ƙaramin kuka, ya yi tari sau biyu. Ta karkata kansa wajen rana.

"Me kika gani?"

Latifatu ta ƙara karkata kansa, ta sake dubawa.

Zenabu ta leƙa ta kan kafaɗarta.

"Nono ne," ta ce da sauri. "Yanzun nan ya gama sha kafin ku shigo. Nono ne ya maƙale masa. Goge ki gani."

Latifatu ta naɗe bakin mayafinta a yatsa, ta sa cikin kuncin, ta goga.

Ta sake gogawa.

Ba su goge ba.